Labon da ya auna wa autanmu jini lokacin jinyar tarin fuka: inda ya burge ni da inda yake cin kuɗin mutane

Akwai wani labo mai zaman kansa a cikin garin nan na Damagaram wanda muka yi ta zirga-zirga a cikinsa tsawon jinyar autanmu. Ba zan kama sunansa ba, domin zan faɗi alheri kuma zan faɗi aibi, aibin kuwa ba nasa ne shi kaɗai ba, na ji irinsa daga bakin waɗanda suka je wasu wuraren. Ga hukuncina tun daga farko. In likita ya rubuta maka awon hanta, ƙoda, suga ko yawan jini, je ka kanka tsaye, aikinsu mai tsabta ne kuma ba sa ɓata wa mutum rana. In kuwa wani ne a bakin kanta ya ce maka kawo hannu mu ɗibi jini mu ga ko maganin tarin fuka yana ci, mayar da kuɗinka aljihu. Wannan tambayar ba jini ke amsa ta ba, kaki ke amsa ta.

Ni malamin kimiyyar halitta ne a kwaleji, shi ya sa duk takardar da ta shigo gidanmu da faransanci ni ake miƙo wa. Autanmu ya daɗe yana haƙar zinariya can Cibarakaten, wajen iyakar Aljeriya, inda samarin unguwarmu suke ta kwarara tun da aka gano zinariyar a 2014. Ya dawo mana da tari wanda ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ga zufar dare, ga rama har wando ba ya tsaya masa a ƙugu. Ƙurar dutsen da ake daka a can tana ɓata huhu, ta buɗe wa tarin fuka ƙofa, balle kuma ga kwana cikin cunkoso. A wurin masu kula da tarin fuka aka sa kakinsa cikin GeneXpert, na'urar da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta amince da ita a ƙarshen 2010. Cikin sa'o'i biyu take faɗin ko akwai ƙwayar cutar, da kuma ko tana jin maganin rifampisin. Akwai ta, kuma tana ji. Muka ce alhamdulillahi ko da hakan.

Maganin na wata 6 ne. Wata 2 na farko magunguna huɗu ne aka haɗe cikin ƙwaya guda: rifampisin, izoniyazid, pirazinamid da etambutol. Sauran wata 4 biyun farko kaɗai ake ci gaba da su. Da kilo ake raba shi. Yaron ya hau sikeli aka ga kilo 46, aka ce ƙwaya 3 kowace safiya kafin ya sa komai a baki. Magani kyauta ne, awon kakin bibiya ma ba a karɓi ko dala a hannunmu ba. To me ya kai mu labon kuɗi? Uku daga cikin magungunan nan huɗu suna iya taɓa hanta, etambutol ne kaɗai ba ruwansa da ita, shi ido yake taɓawa. Mutum mai ƙarfi wanda hantarsa lafiya lau take, sau da yawa ba a ma damunsa da ɗibar jini, ana dai tambayarsa ko yana amai, a duba idonsa ko ya yi rawaya. Amma autanmu an same shi da ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa ƙwarai a ƙasar nan kuma mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba. Likita ya ce wannan sai an sa masa ido. Ya rubuta analiz, wato awon jini, na farko kafin a fara magani, don a san daga ina aka tashi: hanta, ƙoda, yawan jini, suga, da na sida. Sugan ba don ado ba ne, mai ciwon suga ya fi saurin kamuwa da tarin fuka ninki biyu zuwa uku, kuma warkewarsa ta fi wuya in ba a daidaita sugan ba.

Bari in fara da abin da ya sa har yau nake tura mutane wurin. Matar da ke ɗibar jini ta san aikinta. Kafin ta taɓa hannun mutum sai ta rubuta sunansa da lamba a jikin ƴan kwalaben, ta juyo da su ta nuna masa ta ce sunanka ke nan? Mai shuɗin murfi da ya ja zuwa shunayya na ƙidayar jini ne, mai jan murfi na hanta da ƙoda. A gabanka take yage ledar allura. Hannun autanmu a lokacin fata ne da ƙashi, jijiya ta ɓuya, ni kaina na ɗauka sai an yi ta tsikararsa. Ta ɗaure masa roba a dantse, ta ce ya dunƙule hannu, ba ta ko kalli wurin ba, da kan ɗan yatsa ta bi tana lalube har ta tsaya wuri guda. Sau ɗaya ta soka. Ta kwance robar tun jinin na zuba cikin kwalba, ta juya mai shuɗin murfi a hankali sau da dama, ba girgizawa ba, ta jefa allurar cikin kwalin da aka tanada. Na tsaya a kan wannan ne don na san abin da gaggawa ke jawowa: in aka daɗe da ɗaurin roba ko aka girgiza kwalba da ƙarfi, jajayen ƙwayoyin jini kan fashe, wasu lambobin su hau ba tare da mutum yana da komai ba. Ga kuma zafi. A watan Mayu muka fara zuwa, lokacin da garin nan ke wuce digiri 40, kuma kowa ya san yadda wuta take yi mana. Suna da sola da batura, firijinsu na aiki, ma'aunin sanyi na manne a jikinsa da takarda wadda ake rubuta lamba safe da yamma. Na leƙa na gani da idona. Ruwan wanke hannu ma, duk da wahalar ruwa irin ta Damagaram, ban taɓa tarar da bokitin famfonsu a bushe ba.

Ɗakin jira kuwa ban yaba ba ko kaɗan. Ɗan ƙarami ne, tagogi a rufe saboda sanyin na'ura, benci biyu suna kallon juna. A nan mai ciki take zaune, ga tsoho mai ciwon suga, ga jariri a goye, ga mai tari. Ƙwayar tarin fuka ta iska take bi, ba ta kwanon abinci ko gaisawa da hannu ba, kuma babu abin da take so kamar rufaffen ɗaki. Wanda ya yi kamar mako 2 yana shan maganin da ke ci, hatsarinsa ga jama'a ya ragu ƙwarai. Amma ranar awon farko fa? Ranar nan autanmu bai sha ko ƙwaya ɗaya ba. Ni na saya masa takunkumi a farmasi, muka zauna a waje gindin bedi har aka kira mu. Babu wanda ya ce mana mu yi hakan, kuma babu wanda zai hana mu in da mun shiga mun zauna tsakiyar mutane. Abu na biyu da ya fi wannan ɓata mini rai shi ne bakin yaron da ke zaune a kanta. Wata safiya muna shiga ya ɗaga murya ya ce wa na ciki, ga mai tibin nan ya zo. Wata dattijuwa ta ja zanenta ta matsa can ƙarshen benci. Autanmu bai ce uffan ba, sai da muka hau kabu-kabu ya ce, Yaya, ni ba zan sake zuwa wurin nan ba. Da ƙyar na lallashe shi. A garin da ake fasa aure saboda an ji sunan cutar nan, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na yi wa matar da ke ɗibar jini magana, kuma ban sake jin an yi ba, aƙalla a gabanmu.

Inda labon ya biya mu kuɗinmu shi ne mako na uku. Aka sake awon hanta kamar yadda likita ya tsara. Da la'asar wayata ta yi ƙara, sai na ji muryar matar: Mushe, sakamakon ƙanenka ya fito, kada ka bari sai gobe, ka kai wa likitansa yau. Ba ta faɗi wani abu da zai tsorata ni ba, ba ta kuma yi mini fassarar da ba aikinta ba. Na je na karɓa. ALAT, wanda sinadari ne da ke cikin ƙwayoyin hanta, yake malalowa cikin jini in sun ji jiki, ya tashi daga 31 zuwa 88. A takardarsu iyakar lafiya 40 ce, sun buga tauraro a gefen lambar. Likita ya duba, ya ja fatar idon yaron ƙasa ya leƙa, ya danna masa ciki ta dama ƙarƙashin haƙarƙari, ya tambaye shi amai, tashin zuciya, ƙin abinci. Babu ko ɗaya. Sai ya yi mana bayanin ƙa'idar da suke bi: in lambar ta ninka iyaka sau 5 ko da mutum ba ya jin komai, ko ta ninka sau 3 tare da amai, ciwon ciki ko shawara, a nan ake dakatar da magani. Ƙasa da haka ana ci gaba, a sake awo. Ya ce mutane da yawa hantarsu kan ɗan yi gardama a makonnin farko sannan ta saba. Daga nan ya juyo ya tambayi yaron, ban da ƙwayoyin nan me kake sha? Shiru. Ashe Inna tana jiƙa masa wasu sassaƙe safe da yamma don ƙarfin jiki, shi kuma yana haɗawa da farasitamol duk sanda gaɓoɓinsa suka dame shi, ba lissafi. Likita ya ce a ajiye jiƙon har a gama jinya, farasitamol kuma sai yadda ya faɗa. Faɗa wa Inna wannan magana ya fi mini kai takardar wuya, don sai da ta ce, to yanzu ni ce zan kashe ɗana? Awo na gaba lambar ta sauko, daga nan ba ta sake hawa ba. Wannan shi ne ainihin amfanin jini a jinyar tarin fuka: yana tsaron mai shan magani daga maganin kansa.

Ciwon gaɓoɓin nan ma jini ya bayyana shi. Pirazinamid yana hana ƙoda fitar da wani gishiri da ake kira asid yurik, sai ya taru, gwiwa da kafaɗa su yi ta ciwo. Lambar ta hau, tauraro ya sake fitowa, likita ya ce ba abin dakatar da magani ba ne, kuma da aka shiga wata na uku aka cire pirazinamid ciwon ya tafi. Jan fitsari kuwa aikin rifampisin ne, ba jini ba ne, ba ya buƙatar awon komai. Zugin tafin ƙafa na izoniyazid ne, bitamin B6 ake bayarwa. Na so a ce takardar labon tana da ko layi ɗaya da ke cewa tauraro ba hukunci ba ne, don na ga mutane a ƙofar wurin suna juya takarda suna neman mai karatun boko ya faɗa musu ko mutuwa za su yi.

Yanzu ga inda muka raba gari. Tun wata na biyu yaron kanta ya fara yi mana tallar abin da suke kira bilan na wata-wata. Ya ce ai masu irin wannan jinya duk suna yi, ana haɗa VS da CRP da ƙidayar jini a rage maka kuɗi, da shi ake gane ko magani ya karɓi mutum. Maganar tana da daɗin ji, musamman ga iyalin da suka ƙosa su ga alama. Amma mene ne VS? Jini ake zubawa cikin wani siririn bututu mai ma'aunin milimita 200 a jikinsa, a tsayar da shi, bayan awa ɗaya a duba nisan da jajayen ƙwayoyin suka nutse. In akwai kumburi ko wata cuta a jiki, wasu sinadarai kan sa ƙwayoyin su manne da juna su yi nauyi su sauka da sauri. Shi ke nan. Ƙarancin jini yana ɗaga shi, ciki yana ɗaga shi, tsufa ma haka. CRP kuwa hanta ke ƙera shi duk sanda jiki ya shiga faɗa da wani abu, cikin sa'o'i yake hawa, cikin ƴan kwanaki ya sauka. Gaskiya ne su biyun sukan ragu in mai tarin fuka ya fara samun sauƙi. Sai dai kamar haushin kare ne da tsakar dare: ya shaida maka akwai motsi a waje, amma bai san ko ɓarawo ne ko akuyar maƙwabta ba. OMS ta yarda da CRP a 2021, amma don tace masu ɗauke da sida a ga wa ya kamata a yi wa awon kaki, ba don a ce wa mai shan magani ka warke ko ba ka warke ba.

Likitanmu bai rubuta bilan ɗin ba. Yayarmu ce, da ta zo daga Mirriya dubiya, ta ɗauki yaron ta kai shi ta biya daga aljihunta, don a ganinta kulawa ke nan. Wata na huɗu ne, damina ta zauna, sauro ya cika gari. CRP ya fito sama ƙwarai, ga yaron da ɗan zazzaɓi. Kafin in dawo daga makaranta gida ya rikice. An riga an yanke cewa maganin gwamnati ya ƙi shi, wasu na cewa a wuce da shi Kano, wasu na cewa dama ba ciwon asibiti ba ne. Har an fara maganar ya dakatar da ƙwayoyin tunda ba sa amfani. Na ɗauke shi muka je wurin majo, wato shugabar ma'aikatan jinya ta wurin da yake karɓar magani. Ta taɓa goshinsa, ta tsikari yatsarsa ta ɗiga a ɗan faifan gwajin zazzaɓin cizon sauro, kafin minti 20 layi biyu suka fito. Maganin kwana 3 ya sha ya miƙe. Lambar labon daidai take, ba su yi kuskuren awo ba. Abin da suka yi shi ne sun sayar da amsa ga tambayar da awon ba ya iya amsawa, kuma saura kaɗan ta sa mutum ya bar magani a tsakiya.

Ɗaya ɓangaren ya fi wannan muni, kuma shi ma na gan shi a kan bencin nan. Wani magidanci, direban babbar mota, ya nuna mini takardarsa yana murna: VS ɗinsa ya sauko daidai, tari ya tsaya, ya yi ƙiba, wata na uku ke nan. Ya ce shi kam ya gama, lodi na jiransa zuwa Agadas. Na ce masa, Malam, don Allah ka koma wurin majo kafin ka yanke wannan shawara. Ya yi dariya ya ce ai ga takarda. Abin da takardar ba ta faɗa masa ba shi ne, makonnin farko magani yana share ƙwayoyin da ke hayayyafa da sauri, shi ya sa jiki ke yin daɗi. Akwai kuma waɗanda ke lafewa kamar matattu cikin huhu, su ne dalilin sauran watannin. Wanda ya tsaya a nan ciwon kan dawo masa, kuma shan magani a yi ta yankewa yana cikin hanyoyin da ake samun irin da ba ya jin rifampisin. Wannan irin jinyarsa daban ce. Nijar tana cikin ƙasashen farko da suka gwada gajeren tsari na masu irin wannan ciwo tun 2008, da allurai na watanni waɗanda ke iya taɓa ji. A 2022 OMS ta amince da wani tsari na wata 6 na ƙwayoyi zalla, amma shi ma da nasa nauyin: ɗaya daga magungunansa, linezolid, yana rage jini, sai an riƙa ƙidayar jini a kai a kai. Ka ga a can ma aikin jini tsaro ne.

Akwai wasu abubuwa biyu da aka yi mana tayi waɗanda ya kamata kowa ya san su. Na farko ɗan faifai ne irin na gwajin zazzaɓi, a ɗiga jini a ce ga tibi ko babu. Irin waɗannan masu neman sojojin jiki a cikin jini OMS ta fito fili a watan Yulin 2011 ta ce kada a yi amfani da su, domin suna cewa akwai inda babu, su ce babu inda akwai. Indiya, wadda aka fi cinikinsu a cikinta, ta haramta su a 2012. Na yi mamakin ganin har yanzu ana fito da shi daga aljihun tebur. Na biyu shi ne QuantiFERON, wanda aka ce za a iya aika jinin Yamai a yi mana, kusan kilomita 900 daga nan. Wannan awo ne na gaske, amma abin da yake faɗa shi ne ko jikin mutum ya taɓa haɗuwa da ƙwayar. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa haɗuwa da ita, kaɗan daga ciki, kamar 5 zuwa 10 cikin 100, su ne ke kwantawa ciwo. Ba ya bambance mai ciwo da wanda ƙwayar ke barci a jikinsa, kuma yakan ci gaba da nuna akwai ko bayan mutum ya warke sarai. Wanda ya biya wannan a ƙarshen jinya don ya tabbatar ya warke, tashin hankali ya saya da tsada.

Abin da ya nuna mana gaskiyar tafiyar ba shi da ƙyalli ko kaɗan. Ƴar robar kaki ce da sikeli. Ƙarshen wata na 2, wata na 5 da wata na 6 ake kai kaki, a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. In na wata na 2 bai wanke ba ana sake dubawa, a kuma bincika ko mutum na shan maganin yadda ya kamata. In har wata na 5 ana ganin ƙwayar, an san tsarin ya gaza, sai a nemi dalili. Na autanmu ya wanke tun na farko. GeneXpert da ta gano ciwon ma ba a bibiya da ita, domin alamar halittar ƙwayar take karantawa, kuma gawar ƙwayar ma tana da wannan alamar, sai ta yi ta cewa akwai watanni bayan an kashe su. Sikelin kuwa kowane zuwa karɓar magani majo sai ta ɗora shi. Ranar da ya kai kilo 55 ta ce, to samari, ka ƙetare layi, daga yau ƙwaya 4 ce. Wannan abu ne da babu takardar labon da za ta yi masa.

Ban ce awon kaki ba shi da rauni ba. Madubi ba ya ganin ƙwayar sai ta kai dubbai cikin mililita ɗaya, kamar 5,000 zuwa 10,000. Shuka kakin a ga ko zai tsiro ya fi tabbas, amma yana cin makonni kuma ba ko'ina ake yi ba. Sannan a wata na biyar autanmu ba shi da tarin ma, ya yi ta kakari da asuba a bayan gida, abin da ke fitowa rabinsa miyau ne. Yara ƙanana ba sa iya fitar da kaki, wanda ciwon ya kama wa ƙashin baya ko kaluluwar wuya kuma kakinsa ba ya faɗin komai. Saboda haka ƙishin da mutane ke yi na awon jini ba wauta ba ce, masana ma suna da shi. A 2010 wasu masu bincike a Landan suka nuna cewa jinin mai tarin fuka yana da wani tsari na ƙwayoyin gado 393 da ke kunnuwa, wanda ke dusashewa in magani ya ci. A 2016 aka fito da mai 16 daga binciken matasa a Afirka ta Kudu, a shekarar kuma wasu a Amurka suka rage abin zuwa 3 kacal, har kamfanin da ke ƙera GeneXpert ya yi samfurin gwaji da jinin ɗan yatsa. A 2023 OMS ta fitar da bayanin siffofin da take so irin wannan awo na bibiya ya cika. Wato ana kan nema ne. Abin da manyan ɗakunan bincike ke ta fama su tabbatar, ba shi ne yaron kanta ke haɗa maka da rangwame ba.

Bayan an sallami autanmu na nemi ganin mai wurin. Dattijo ne mai fara'a, ya ba ni kujera ya sa aka kawo ruwa. Na yaba masa ma'aikaciyarsa, na faɗa masa maganar tagogi da ta bakin yaro da ta bilan. Kan tagogi ya ce za a duba, kuma daga baya na ga sun ajiye benci a waje ƙarƙashin rumfa. Kan bilan ya ce, Mushe, mutane ne ke zuwa da kansu suna nema, in mun ƙi wani wurin za su je. Na ce, Alhaji, nema daban, talla daban. Ɗan faifan gwajin tibin nan kuwa ya ce tsohon kaya ne ba za su sake sayowa ba. Tallar bilan har yanzu ana yi, wani abokin aikina ya shaida mini kwanan nan.

Ta fuskar kuɗi ba su fi sauran masu zaman kansu tsada ba, amma awon hanta da na ƙoda da ƙidayar jini in sun haɗu rana guda sai ka taɓa jika goma ko fiye, ban da kuɗin kabu-kabu, kuma ba sa ɗaga ƙafa ko kai abokin cinikinsu ne. Suna ba da rasit ba sai ka roƙa ba. Wanda ya ba da jini kafin ƙarfe 9 yakan karɓi sakamako da la'asar, wanda ya makara sai washegari. In akwai awon suga a takardarka je ba ka karya ba, ka kuma faɗa musu magungunan da kake sha. Ka riƙa tafiya da tsofaffin takardunka a haɗe cikin karne, wato littafin asibiti, don su ba sa ɗora lambar bara kusa da ta bana, likita kuwa tafiyar lambar yake son gani. Ranar Juma'a mai ɗibar jinin tana tashi tun kafin azahar, wanda ke zama a madadinta hannunsa bai kai nata ba.